Gwiwar Hagu ta Innarku

Na san abin da kuka taso kuna ji. An ce muku zuciyata ce ta raba gidan kakanku, an kuma ce bakina ne ya karya ƙafar Innarku. Wasunku tun suna wasan ƙasa suka jiyo wannan magana a waje, suka zo suka tambaye ni, na kore su da tsawa. Yanzu hannuna ya fara rawa, idona na dama ya yi hazo, kuma ba na son a rufe ni da wannan magana a kaina. Saboda haka zan rubuta yadda abin ya faru. In kun ji zafi a cikin rubutun, ku sani ban huce ba, ba kuma zan yi muku kamar na huce ba.

Abu ɗaya da suke faɗa gaskiya ne, ni mai waswasi ne. Nakan sake alwala in na yi shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Nakan kulle garken awaki, in kai bakin masallaci, in dawo in girgiza ƙofar. A hawasha, gonar da muka gada a cikin aikin ban ruwa, sai in toshe bakin ruwa, in yi nisa, in komo in taka wurin da ƙafa. Tun muna samari yayana Alu, wanda kuke kira Baffa, ya sa mini suna Garba Koma-duba, sunan ya bi ni har na yi furfura. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka abin da ban gane ba nakan yi ta tambaya har a gaji da ni. Ban taɓa ɗaukar wannan abin alfahari ba. Amma mutum ya zama mai yawan tsoro ba ya nufin duk abin da ya ji wa tsoro ƙarya ne.

Motar ta zo ne a shekarar da ciwon suga ya fara kayar da Innarku. Duk wata sai an kai ta asibiti a Sinnar, kuma hawa bayan boksi, akori-kurar nan da ake cusa mutane da buhunan albasa tare, ya fi ƙarfinta. Yayanku Shehu, wanda sunansa na yanka Usmanu ne amma ba a kiran sunan kai tsaye a gidan da tushensa Sakkwato ne, yana aiki a lokacin a wani garejin gyaran motoci a Jidda. Ya sayi wata farar mota ta hannu, ya aiko da ita ta jirgin ruwa, ya ce ta uwarsa ce. To amma ku san yadda gidanmu yake a lokacin. Abin da ya shigo ta zauren mahaifinmu na babban gida ne, babban gida kuwa Yaya Alu ne. Shi ya karɓi makulli, ya yi addu'a, ya miƙa wa ɗansa Bello, wanda shi kaɗai ya iya tuƙi a cikinmu. Ban ga laifin hakan ba.

Ranar da ta iso, mutane suna shafa jikinta, ni kuwa ina durƙushe a ƙofar gaba ina duba inda ƙafafun Innarku za su zauna. A ƙasan aljihun gaba, daidai inda ƙwaurin mai zama yake fuskanta, na ga an tono wasu haruffan boko a jikin robar. Na shafa da yatsa, na ji wani siririn layi ya kewaye wurin kamar ƙofar da ba ta da mariƙi. Haruffan na gane su ɗaya-ɗaya, kalmar ce ban sani ba. Abin ya tsaya mini a rai, sai da na kira Shehu a waya na nuna masa wurin.

"Baba, ai balona ce, jakar iska. Akwai ta fuska a sama, akwai ta gwiwa a ƙasa. Wadda ka gani ta gwiwa ce."

"Jaka cikin bangon mota? Mi anka aje ciki?"

"Ba komi, Baba. Ita ɗin ce anka aje."

Na sa shi ya yi mini bayani, na sa ya maimaita, har Hausarsa ta ƙare ya koma Larabci. Ya ce idan mota ta yi karo ta gaba, motar takan tsaya amma mutumin da ke ciki bai tsaya ba. Jikinsa yakan zame gaba da ƙasa, kuma gwiwa ce ke fara isa bango. Dukan da gwiwa ta sha yakan bi ƙashin cinya ya hau har ƙugu, shi ya sa ake samun wanda fuskarsa ta tsira amma bai ƙara takawa ba. Don haka masu ƙera motar suka naɗe wata jaka ta yadi mai ƙarfi suka ɓoye a bayan robar nan, tare da wani ɗan abu mai cika ta da iska kafin mutum ya ƙifta ido. Layin da na ji da yatsa da gangan aka raunana shi, don ta nan za ta yaga ta fito. An ɗinka ta yadda za ta buɗe ta yi faɗi, ta hau sama tana bin bangon, ta shiga tsakanin ƙwauri da ƙarfen mota, ta tare gwiwoyi biyu tare, ta kuma hana mutum sulalewa ta ƙarƙashin ɗamarar kujera. Amma ya ce tana da sharaɗi. A ɗaura ɗamara, a ja kujera baya don a bar mata fili, ƙafa ta zauna a ƙasa, sannan kada a liƙa ko a rataya komai a kan ƙofar tata, domin abin da aka ɗora a kanta, da shi za ta fito.

Wannan ta ƙarshe ban nemi a maimaita mini ba. Duk wanda ya yi ban ruwa ya san ta. In ruwa ya taso daga babbar tur'a, magudanar da ke kawo wa gonaki ruwa, da ƙarfinsa, ka tare masa hanyar da aka haƙa masa, kwashe abin da ka tare shi da shi zai yi ya watsa maka a gona.

Ba a yi wata guda ba Bello ya fara ɗaukar mutane ranar kasuwa, ya zama direban hanya, kuma direban hanyar Sinnar ba ya tafiya ba jabana, wato gahawa. Ya kai motar wurin wani mai walda a kasuwar garin Hajj Abdalla, aka ƙera masa ɗan kanta na ƙarfe mai kusurwa, da zobe na riƙe filas da wurin jera finjalai, ƙananan kofunan shan jabana. Aka ɗaure shi da dogayen kusoshi a jikin robar nan, ta ɓangaren hagu na mai zama a gaba, inda hannun direba zai kai ba tare da ya miƙe ba. Rabin haruffan ya ɓace a bayan ƙarfen. Na bari sai da muka zauna cin abinci bayan magariba a kan tabarmar ƙofar gida, inda mazan gidan suke haɗuwa, sannan na yi magana a hankali, don na san yadda ake ɗaukar maganata.

"Bello, wanga ƙarfe da ka ɗaura, ka san abin da ke bayansa?"

"Na sani, Baba Garba. Balona. Ai ba ta fashewa sai an yi hatsari, ni kuwa ba ni da niyyar yi."

Aka yi dariya. Yaya Alu ya lashe yatsunsa ya dube ni.

"Koma-duba, yanzu kuma cikin bangon mota ka koma dubawa? Bar yaro ya sha jabanarsa."

"Yaya, Shehu ya ce kada a ɗora mata komi."

"Shehu mota ya aiko, bai aiko da takardar naɗa ubansa ɗan sandan hanya ba. Sa hannu, miya na hucewa."

Na sa hannu. Washegari da Bello ya tafi wanka bakin ruwa, na ari abin kwance kusa na cire kantan, na ajiye masa a bakin ƙofar ɗakinsa da filas ɗinsa da finjalansa, ba abin da ya fashe. Yaya Alu ya kira ni zaure ya yi mini faɗa kamar yaron da ya saci gyaɗa. Ya ce na taɓa abin da ba nawa ba. Motar da ɗana ya saya wa matata, ita ce ba tawa ba! Bello kuwa ya koma wurin mai walda, aka sa ƙarfe mai kauri fiye da na farko, aka daddake kan kusoshin yadda ba abin da zai kwance su. Na sake kiran Shehu. Ya ce ba zai iya buɗe baki ya yi wa Baffansa gyara ba, amma zai yi wa Bello magana. Bello ya ce masa tamam, wato ya ji, amma kantan ya ci gaba da zama a wurinsa. Shehu, in kai ne kake karanta wa ƙannenka wannan, kada ka tsallake wannan layi. Kai ka san abin da ke bayan robar fiye da kowa, kunya ta rufe maka baki.

Sai ranar da ake ƙirga mini har yau. Za a kai Innarku asibiti, mata sun fito rakiya, mota ta tashi. Na ga ta zauna a gaba, ƙarfen yana kallon gwiwarta, sai na riƙe ƙofa na ce da ƙarfi, kowa yana ji:

"In anka yi karo, wanga ƙarfe cikin ƙafar mutum zai shiga."

Kun san al'adarmu. Ba a ambaton hatsari a bakin tafiya, sai dai a ce Allah ya kiyaye hanya. Mata suka rufe baki da hannu. Yaya Alu ya yi tofi gefe uku ya ce in faɗi alheri ko in yi shiru. Na sani sarai ba a yin haka. Amma na faɗa a kan tabarma an yi dariya, na faɗa a zaure an yi mini tsawa, ban san inda ya rage in faɗa ba. Ranar suka je lafiya suka dawo lafiya, kuma hakan ma dariya ya ƙara jawo mini.

Da na ga maza sun gagare ni, na koma kan Innarku. Na ce ta riƙa zama a baya.

"Malam, in maza sun cika baya in zauna ina? Bisa cinyar Yaya?"

"To ki ɗaura ɗamara, ki ja kujera baya iyakarta."

"Ɗamarar zan ɗaura, na yi maka alkawari, ko don ka bar kunnena ya huta. Kujera kuwa sai yadda ta yiwu."

Ranar da abin ya faru zagayen ruwa ya zo kan hawasharmu. Ruwan gona bi da bi ake ba da shi, in naka ya zo ba ka nan, sai ka jira wani zagayen alkamarka tana ƙonewa. Na fita tun bayan asuba. Bayan fitata labari ya iso cewa kawun Innarku ya rasu a Hajj Abdalla, kuma za a kai shi kafin azahar. Ba wanda ya aiko mini. Yaya Alu da wasu dattawa suka cika kujerar baya, ita kuma mace ɗaya tilo, dole gaba. Ta ɗaura ɗamara kamar yadda ta yi alkawari. Amma Yaya Alu dogon mutum ne, kuma shi ya zauna daidai bayanta. Matar ƙane ba ta jingina bayanta da gwiwar yayan mijinta. Ta kai hannu ƙasa ta ja kujerar gaba, ta ƙara ja, har gwiwarta ta hagu ta taɓa ƙarfen. Daga baya ta ce mini:

"Na ji gwiwarsa a bayana, Malam. Ya kake so in yi?"

Ban ga laifinta ba, haka aka tarbiyyantar da ita. Wanda nake ganin laifinsa shi ne wanda ya miƙe ƙafafunsa ya ji daɗi, ya ce mata Allah ya yi miki albarka, alhali ya ji duk abin da na faɗa a kan wannan wuri da kunnensa.

A kusa da wata ƙaramar gada da ta haye tur'a, saniya ta ɓalle daga garke ta faɗo hanya. Bello ya kauce mata ya doki kan simintin gadar. Ba gudu yake yi sosai ba, wannan na yarda, don duk mazan da ke baya da ƙafafunsu suka fito, wani da kumburin goshi, wani da fashewar leɓe. Bello ma tasa jakar ta fito ta tare masa gwiwoyi, ya sauko yana tari saboda ƙurar da ta tashi. Innarku kaɗai aka ciro. Wani mai babur ne ya biyo gefen tur'a ya same ni cikin laka har ƙwauri, ya gaya mini. Ni da ban taɓa barin bakin ruwa ban koma na taka shi ba, ranar na bar shi a buɗe na hau babur, bai kuma faɗo mini a rai ba sai bayan kwanaki.

A asibitin Sinnar likita ya ce ƙoƙon gwiwar hagu ya dagargaje, ƙashin da ke ƙasansa ya tsage, kuma sun tsinto ɓarɓashin finjali a cikin naman. Sun haɗa abin da zai haɗu da waya, amma ya ce kada mu sa rai za ta ƙara lanƙwasuwa. Ƙafar dama kuwa ja kawai ta yi a ƙwauri, kamar wanda yadi ya goge da ƙarfi. Ya tambaya wane abu ne ya yi wa ta hagun yanka miƙaƙƙe haka. Kafin in buɗe baki Yaya Alu ya ce balona ce ta fashe mata. Da na samu na je inda aka ja motar, jakar tana nan a rataye kamar hanjin rago, amma kantan babu shi, robar da aka ɗaure shi a jiki ma an ɓalle ta. Ban ga wanda ya cire ba, don haka ba zan rubuta suna ba. Abin da na sani, tur'a tana kusa, kuma tana da zurfi.

Kafin a sallamo ta gari ya riga ya yanke hukunci biyu. Na farko, jakar nasara ce ta karya ta. Na biyu, Garba ne ya kira abin da bakinsa. Mata suka fara janye 'ya'yansu in na wuce, in za a yi tafiya sai a jira in shiga gida kafin a tayar da mota. Wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne 'yan motocin da ke garin, masu irin wannan jaka, ɗaya bayan ɗaya aka kai su kasuwa aka farke robar aka yanke jakunkunan aka fitar, wai kada su karya wani. Da idona na ga an ɗinke ɗaya an rataya wa jaki a baki yana cin dusa a ciki. Wasu mutane a wata ƙasa sun zauna sun yi ta tunanin yadda za su tsare gwiwar tsohuwar da ba su taɓa gani ba, har suka auna inda yadin zai bi. Mu kuma muka ɗaura wa abin ƙarfe don shan jabana, da ya yi ɓarna muka kama yadin da laifi, muka bar ƙarfen. Na bi masu motocin gida-gida ina roƙo. Wani ya ce mini, Malam Garba, don Allah kada ka yi magana kusa da motata.

Da ta dawo gida, Yaya Alu ya yanka rago na karama, sadakar godiya da ake yi in an tsira. Bayan an ci, shi da liman da Bello da dattawan da suka yi tafiyar suka shigo ɗakinta gaisuwa. Tana kwance a kan angare, gadon igiya, an lulluɓe ta da mayafi har yatsun ƙafa. Ina tsaye a bakin ƙofa. Liman ya yi gyaran murya ya ce tun da an taru, gara a kashe wutar gaba ɗaya.

"Malam Garba, abin da ya faru ya faru. Jaka ta fashe, Allah ya taƙaita. Yayanka ya ce ya yafe maka maganar da ka yi a bakin mota. Kai ma ka nemi gafara, a kira Shehu a gaya masa haka, a rufe zancen."

"Ya yafe mini? Ni anka yafe wa?"

"Malam Garba, a hankali."

"Ina ƙarfen? A kawo ƙarfen a aje nan tsakar ɗaki, sannan a gaya mini wa ke yafe wa wani!"

Yaya Alu ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wane ƙarfe? Har yanzu ba ka daina ba? Bakinka ya ci ƙafar matarka, yanzu gidan ubanmu kake so ya ci?"

Na buɗe baki zan amsa masa. Sai muka ji murya daga kan gado ta ce, "Yaya." Ku da kuka san Innarku yanzu da bakinta ba za ku gane nauyin wannan ba. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kiransa kai tsaye ba, ba ta taɓa cin abinci yana gani ba, in ta hango shi a hanya durƙusawa take yi ta kau da kai. Ta yunƙura ta zauna, ta kama bakin mayafin da zanen da ke ƙasansa, ta janye su har saman gwiwa, a gaban yayan mijinta da limamin gari. Dattawa suka fara salati suna juya baya.

"Liman, kak ka kau da kai, kai anka kira shaida. Ku duba. Jaka guda ce, ƙafa biyu. Wagga ta dama ita jaka ta taɓa, ga ta nan lafiya. Wagga ta hagu jabanar Bello ta taɓa."

Ƙafar dama sumul take, jan ma ya baje. A kan ta hagu, ban da ɗinkin likita, ga tabo nan miƙaƙƙe ya tafi ya karya kwana, kamar an ɗora ƙarfen an zana.

"Malam ya ishe ni da magana, ya ishi kowa. Amma shekarun da na yi da shi ban taɓa ganin bakinsa da kusurwa ba."

Yaya Alu ya rufe fuska da bakin rawaninsa ya fita, sauran suka bi shi. Bello ne kaɗai ya tsaya yana kallon tabon, har sai da ta mayar da mayafinta. Bayan kwanaki ya dawo shi kaɗai ya durƙusa a bakin gadon yana kuka, ta ce ta yafe masa. Ƙafarta ce, tana da iko. Ni ba a tambaye ni ba.

Na ɗauka daga ranar gaskiya ta fito. Ashe gari sabon zance ya samu. Aka bar maganar jaka aka koma cewa matar Garba ta yi tsiraici a gaban surukai, kuma wai ni na sa ta. Ba motar da aka mayar wa jakarta. Kafin watan ya ƙare Yaya Alu ya kawo magina suka ja katanga ta tsakiyar gidan mahaifinmu, ta bi ta kan wurin da mahaifiyarmu take girki. Bai ƙara yi mini magana ba har ya rasu. A jana'izarsa a sahun baya na tsaya, ba wanda ya matsa mini in wuce gaba. Na yi masa addu'a, ina kuma yi har yau, don ɗan uwana ne kuma shi ya goya ni zuwa makaranta. Amma da za a dawo da ranar karamar nan a sake cewa in nemi gafara don na faɗi abin da ke bayan roba, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa. Ku kuma duk wanda ya sayi mota a cikinku, ya durƙusa ya duba inda ƙafafun mutane za su zauna, ko da za a yi masa dariya.

Tun daga lokacin a kan kujera Innarku take salla, ƙafar hagu a miƙe a gabanta, tana sunkuyar da kai a maimakon sujada. Ba ta taɓa yin ƙorafi a gabanku ba. A azumin bara, wata rana da la'asar, duk kun fita, wasu kasuwa wasu gona, ta kai raka'ar ƙarshe sai ta tsaya. Bayan ta sallame ta ce:

"Malam, ɗauke kujerar nan. Goshina ya yi kewar ƙasa."

"In wayar da ke ciki ta goce fa? In kika kasa tashi fa?"

"In na kasa tashi ai ƙasa ce, ba tur'a ba. Riƙe ni."

Na riƙe ta ta hammata. Ta sauka a kan gwiwar dama, ta hagun ta tafi gefe a sandare kamar taɓarya, ta dafa hannu biyu, ta kai goshinta ƙasa. Ta daɗe a haka har na fara tsorata ko sugan ne ya faɗi, na sunkuya ina sauraron numfashinta, sai na ji tana ta magana ƙasa-ƙasa. Da ta ɗago, ƙasa ta manne mata a goshi da kan hanci. Na kai hannu zan share, ta doke hannun ta ce in bar mata abinta.

Sai aka zo tashi. Na ja, ta yunƙura, muka koma. Na sake ja, bayana ya amsa. Ni tsoho, ga azumi, ita kuma ƙafa ɗaya ba ta ɗaga mutum daga ƙasa. Ta bayan katanga muna jin muryar Bello yana yi wa 'ya'yansa faɗa a kan tiyon ruwa, kusa ƙwarai, ko tari na yi zai ji. Ta dube ni, na dube ta. Ba ta ce in kira shi ba, ni ma ban kira ba. Na lanƙwasa gwiwoyina na zauna kusa da ita a ƙasa, na jawo ƙafar hagun na ɗora a kan cinyata don kada ta yi tsami, muka zauna muna jiran wani a cikinku ya dawo.